Na'urar da na haɗa wa tankin gidana: ya dace in kai ta gidajen mutane?

Injiniya_Bagalam

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Aikina na albashi shi ne kula da kayan wutar lantarki a wata ma'aikata a nan Maradi, rubuta manhaja kuwa sha'awa ce da nake yi da dare bayan isha'i. Tun bara na haɗa wata ƴar na'ura mai kula da tankin ruwan da ke saman ɗakina. Allon Arduino Uno ne, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa manhaja, da sansa irin HC-SR04 mai auna nisa da sauti wadda na ɗaure a murfin tanki, da rile, wato makunnin da allo ke sarrafawa, mai tayar da injin jan ruwa. Idan ruwa ya sauko ya rage kashi ɗaya cikin uku sai ta kunna inji, idan ya kusa baki ta kashe shi. Tun da na sa ta ruwa bai sake malala ta indararo ba, kuma an daina aiken yaro ya hau tsani ya leƙa tanki.

Yanzu maƙwabta sun gani, wasu suna so in yi masu irinta, har da wanda ya ce zai biya kafin in fara. A ganina abin da ya shekara yana aiki a gidana ya isa shaida, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin abin da mutum ya haɗa don sha'awa ya cancanci a sa shi a gidan wani har a karɓi kuɗi? Kuma ma'aikaci mai albashi, ina iyakar abin da ya kamata ya yi a gefe?

MaiWaya_SabonGari

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni mai haɗa wutar gidaje ne, kuma tambayata ta farko ita ce ƙarfin injin. Ƙananan rilen nan masu launin shuɗi an rubuta amfiya 10 a jikinsu, amma inji idan zai tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Da sannu bakin rilen yake ƙonewa, wata rana kuma ya manne, inji ya ci gaba da gudu ko da manhajarka ta ce ya tsaya. Abin da ya dace shi ne rile ya tayar da kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, ita kuma ta ɗauki nauyin inji, a sa abin kariya mai yanke wuta idan inji ya yi zafi. Muddin ba ka yi wannan ba, ban goyi bayan ka kai ta gidan kowa ba.

Injiniya_Bagalam

Na gode, Malam. Injina ƙarami ne, rabin doki, kuma akwai kontakta tsakaninsa da rilen tun farko, domin wannan ɓangaren shi ne aikina na kullum. Inda nake da shakka shi ne ɓangaren manhaja da sansa.

Malam_Teknik

Injiniya, ina koyar da ilmin lantarki a makarantar fasaha, kuma ina so in ja hankalinka ga wani abu da shekara guda a gidanka ba lallai ta bayyana shi ba. Idan da aikin millis(), mai ƙirga lokaci tun daga kunna allo, kake lissafin lokaci, kamar yadda kusan kowa yake yi, ka sani cewa ma'ajiyar lambar tana cika bayan kwana 49 da awa 17, sannan ta koma sifiri. Wanda ya rubuta lissafinsa ta hanyar debe lokacin farko daga na yanzu, da lambobi marasa alamar ragi, ba abin da zai same shi. Wanda kuwa ya haɗa lokacin jira da na farko yana kwatantawa, a wannan ranar na'urarsa za ta rikice. Abin lura a nan shi ne, a gidan da ya dogara da wutar gari, da wuya allo ya yi kwana 49 a kunne ba a ɗauke wuta ba, saboda haka ɗaukewar wutar ce take sake masa lissafi tana rufe aibin. Ranar da ka kai na'urar gidan wani alhaji mai sola da batir, inda wuta ba ta yankewa, a can ne matsalar za ta fito, bayan wata ɗaya da rabi, lokacin da kai ka riga ka ɗauka aiki ya kammala.

Wannan ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa aiki a gida ɗaya shaida ce a kan wannan gidan kaɗai. Ka kuma duba ko ka kunna mai gadin allo, wato agogon cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Uno, da ke sake tayar da shi idan manhaja ta maƙale. Tartsatsin da kontakta ke yi idan ta buɗe yana iya daskarar da allo alhali inji yana gudu.

Hadiza_Injiniya

Ina tare da Malam a kan mai gadin allo, kuma zan ƙara maganar sansa, tun da aikina ya shafi ruwan sha na karkara mai aiki da hasken rana. HC-SR04 ba don cikin tanki aka yi ta ba. Fuskarta a buɗe take, kuma tankin roba da ya wuni a rana yana tara tururi a ƙarƙashin murfi, da dare ya zama ɗigon ruwa a kan sansar. Akwai JSN-SR04T wadda kanta a rufe yake, sai dai ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da kusan santimita 20, don haka sai an ɗaga ta sama da bakin ruwa. Sannan saurin sauti yana canzawa da zafi: mita 343 ne a daƙiƙa idan iska tana digiri 20, amma ya kai kusan 358 a digiri 45. Manhajar da ta ɗauki 343 kullum za ta yi kuskuren kusan kashi 4 cikin ɗari a watan Afrilu da Mayu, wato kimanin santimita 6 a nisan mita ɗaya da rabi. Wannan ba zai ɓata komai ba idan ka bar tazara.

Abin da na fi damuwa da shi daban ne. Me na'urarka take yi idan ta kunna inji amma ruwa bai hau ba, saboda rijiya ta ja baya ko bututu ya fashe? Injin da ya yi gudu ba ruwa ƙonewa yake yi. Dole manhaja ta lura cewa mintoci sun wuce ruwa bai ƙaru ba, ta kashe, ta kuma ƙi sake kunnawa sai mutum ya zo ya danna maɓalli.

Alhaji_MaiKayanWuta

Ƴaƴana, ku yi haƙuri da tsoho ya sa baki. Ni kayan wuta nake sayarwa, ban san manhaja ba. Amma fulota na roba mai ƙwallo a ciki, wanda ake ratayawa a cikin tanki, yana kunna inji yana kashewa ba tare da allo ko sansa ba, kuma duk mai gyaran famfo a garin nan ya san yadda ake canza shi. Ina so a gaya mani abin da na'urar Injiniya take yi wanda fulota ba ya yi, domin maƙwabcin da zai biya kuɗi wannan ce tambayar da ya kamata ya yi.

ƊanGulbi_Kod

Baba Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin abin da Injiniya Hadiza ta faɗa. Fulota bai san cewa rijiya ta ƙafe ba, bai san wutar da ta dawo ta yi rauni ba, kuma ba ya jira. Manhaja tana iya jinkirta kunna inji na wasu mintoci bayan an kawo wuta har ta daidaita, tana iya ƙin kunnawa idan ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa sosai da bolt 220, a gidan sola kuma tana iya zaɓar tsakar rana don kada inji ya cinye batir da dare. Ni da na yi tawa, ban cire fulota ba. Na bar shi a saman tanki a layi ɗaya da kontakta, ta yadda ko allo ya mutu gaba ɗaya, fulota zai yanke wuta idan ruwa ya cika. Ina ba Injiniya shawarar ya yi haka a duk gidan da ba nasa ba.

Alhaji_MaiKayanWuta

Madalla, yanzu na fahimta. Sai dai ku yi tunanin kayan gyara. Yawancin allunan nan da sansoshi daga Kano suke zuwa mana, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kuma duk mun ga yadda kaya suka yi wuya lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan watan Yuli na 2023. Wanda zai sa wa mutane na'ura ya ajiye na canji a hannunsa tun kafin a nema.

Sani_Antena

Ina so in koma rabi na biyu na tambayar, domin ba wanda ya taɓa shi. Ni a kan turakun sadarwa nake aiki, ina kula da janareto da batura da na'urorin da ke mayar da wuta bolt 48. Aikin ba shi da lokaci. Ana iya kirana tsakar dare a ce wata antena ta hanyar Dakoro ko Mayahi ta mutu, in kama hanya. Na taɓa sa wa wani ɗan uwa na'urar da ke aiko saƙo a salula idan batirin gidansa ya yi ƙasa, kuma daga ranar duk abin da ya lalace a gidan, ko ƙwan fitila ne, ni ake kira. Abin da Injiniya ya kamata ya auna shi ne wannan: haɗa na'ura aikin ƴan darare ne, amma kula da ita aikin shekaru ne. Idan tankin maƙwabcinka ya bushe ranar Talata da ƙarfe goma na safe, kana ofis, matarsa tana jiran ruwan girki, wa zai je? A unguwa kuma ba a yin ciniki zalla, zumunci yana ciki, kuma na'urar da ta ƙone injin maƙwabci tana iya ɓata gaisuwar shekara da shekaru.

Rabi_Lissafi

Ban yarda a tsorata shi har ya fasa ba, Malam Sani. Ni akanta ce, maigidana kuma injiniyan gine-gine ne, kuma ina ganin yadda aikin ofis yake cinye mutum. Yawancin ranakunsa a rubuta rahoto, da lissafin kuɗin aiki, da zaman taro, da bin takardun biya suke ƙarewa. Abin da ya karanta a makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai kaɗan ne yake taɓawa da hannunsa. Wanda ya samu abin da ke mayar da shi kan tebur da ƙarfen dalma da mita a hannu, bai kamata a ce masa ya rufe shi a ɗaki ba. Abin da nake ba da shawara shi ne tsari. Ya karanta yarjejeniyar aikinsa ya ga ko ta hana shi wata sana'a, kada ya taɓa kayan ma'aikata ko lokacinta, ya kuma rubuta wa kowane mai saye takarda mai bayyana abin da na'urar take yi, da abin da ba ta yi, da tsawon lokacin da gyara yake kansa. A cikin farashi ya sa kuɗin zuwa gyara, domin masu sana'ar hannu da yawa kuɗin kaya da na haɗawa kaɗai suke lissafawa, shi ya sa suke gajiya su bar abin.

Sani_Antena

Hajiya Rabi, ban ce ya fasa ba. Cewa na yi ya san nauyin da zai ɗauka. Takardar da kika ambata tana da amfani tsakanin baƙo da baƙo, amma ina shakkar mutum zai iya miƙa wa wanda suke sahu ɗaya a masallaci takarda ya ce ya sa hannu.

Ɗalibi_UDDM

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, kuma ina da tambaya ga Malam_Teknik. Me ya sa ba za a bar Uno a koma allon ESP32 ba? Uno yana gudu a megahaz 16 da ƙwaƙwalwar aiki kilobayit 2 kacal, alhali ESP32 yana kai megahaz 240, yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, kuma ana iya rubuta masa manhaja da yaren MicroPython. Mai gida zai ga yawan ruwansa a salula. Wasu abokaina ma Raspberry Pi suke so su yi amfani da shi.

Malam_Teknik

Ɗana, ESP32 allo ne mai kyau, ina kuma amfani da shi a aji. Ka dai tuna cewa ƙafafunsa bolt 3.3 suke ɗauka, sansar da ake magana a kanta kuwa bolt 5 take mayarwa, don haka sai an rage da resista biyu. Amma aikin tanki bai buƙaci gudu ba. Ruwa yana ɗaukar mintoci kafin ya hau santimita kaɗan, kuma kilobayit 2 sun ishe shi har da saura. Duk abin da ka ƙara, ka ƙara wurin da zai lalace, kuma idan ka sa Wi-Fi, ka rubuta manhajar yadda kula da inji ba zai taɓa tsayawa jiran intanet ba. Raspberry Pi kuwa cikakkiyar kwamfuta ce mai gudanar da Linux daga katin ajiya, kuma yanke mata wuta tana cikin rubutu yana iya lalata katin. Idan zafinta ya haura digiri 80 tana rage gudu da kanta. A garin da inuwa ma take wuce digiri 40 a bazara, ban ga dalilin rufe ta a akwati a saman ɗaki don ta kula da rile guda ba.

Manomi_Jiratawa

Ku gafarce ni, zan ɗan karkata. Ina noman rani a Jiratawa, ina da zogale da albasa, kuma ƙanena ya haɗa mani abin auna damshin ƙasa don in san lokacin ban ruwa. Sansar mai ƙafa biyu ta ƙarfe ta yi tsatsa ta cinye kafin a cire albasa. Ya ce akwai wata da ba ta da ƙarfe a waje. Ina so in ji ko gaskiya ne, kuma ko irin na'urar Injiniya za ta iya kula da injin rijiyar lambu, domin mu a nan asararmu ta fi ta tankin gida yawa.

Hadiza_Injiniya

Gaskiya ƙanenka ya faɗa, Malam. Ta farkon, wuta take turawa tsakanin ƙarafa biyu ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wannan ne yake cinye ƙarfen. Ɗayar a lulluɓe take, ba ta haɗa ƙarfe da ƙasa, sai dai a shafe gefunanta da samanta da abin hana ruwa shiga. A lambu kuma a yi tunanin tsawa da damina, domin doguwar waya a fili tana jawo wa allo wutar da ba zai iya ɗauka ba.

Tambayarka ta dawo da ni kan maganar Malam Sani. A ƙauyukan da muke aiki, abin da ya fi daɗewa shi ne wanda mai gyara na kusa ya fahimta. Na ga akwatin sarrafa famfo mai tsada an tsallake shi an haɗa waya kai tsaye, domin ranar da ya tsaya babu wanda ya san cikinsa, mutane kuma ba za su kwana da ƙishirwa suna jiran ƙwararre daga birni ba. Saboda haka duk na'urar da za ta bar hannun mai ita, a sa mata makunni na hannu mai matsayi uku, na kashewa, da na aiki da kanta, da na kunnawa da hannu, a kuma liƙa zanen wayoyi a cikin murfin akwati. Da wannan, matar maƙwabcin da Malam Sani ya ambata za ta juya makunni ta samu ruwanta, Injiniya kuma ya zo bayan la'asar.

MaiWaya_SabonGari

Maganar makunnin hannu ita ce mafi amfani da aka yi a nan. Zan ƙara cewa a raba wayoyin bolt 220 da na allo a cikin akwati, a sa fis, a haɗa wayar ƙasa, akwatin kuma ya kasance mai rufuwa sosai. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ƙadangaru da tururuwa kuma suna son ɗumin irin waɗannan akwatuna. Ƙaramar cajar salula da ake ba allo wuta da ita ita ce takan fara mutuwa, domin kondansan da ke cikinta yana rasa kusan rabin kwanansa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10.

ƊanGulbi_Kod

Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Injiniya yana iya riƙe ɓangaren da yake so, wato zane da manhaja, ya bar sawa da gyara ga wani. Ga Ɗalibi_UDDM da abokansa suna neman inda za su gwada hannunsu, ga kuma masu haɗa wuta irin MaiWaya da suka san gidajen garin nan. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta na 2023, har da layin Katsina zuwa Gazawa wanda Maradi da Damagaram suke sha, gidaje da shaguna da dama sun koma sola, kuma yawancinsu ba su da abin da ke hana inji ko firij cinye batir. Buƙatar tana nan. Ya ajiye manhajar a Git, wato ma'ajiya mai riƙe tarihin kowane canji, ya rubuta lambar sigar da ya sa a kowane gida, domin idan an gano aibi kamar wanda Malam ya bayyana a san gidajen da za a koma.

Rabi_Lissafi

Idan za a shigo da ɗalibai, a biya su, ko da kaɗan ne, kuma a fayyace tun farko wanda zai ɗauki asara idan inji ya ƙone. Na ga haɗin gwiwa da yawa sun watse a kan wannan tambayar domin an bar ta sai bayan abin ya faru.

Injiniya_Bagalam

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan ƙara mai gadin allo, da kariyar gudu ba ruwa, da fulota a layin kontakta, da makunnin hannu, sannan in sa na'urar a gidan yayana da ke Ali Ɗan Sofo, wanda yake da sola, ta wuce kwana 49 ɗin a kunne kafin in amsa wa kowa. Maganar karɓar kuɗi ban yanke ba tukuna. Hujjar Hajiya Rabi ta shige ni, amma abin da nake tsoro shi ne awannin daren nan da nake hutawa da su su zama wani ofis na biyu mai masu bin bashi.

Sani_Antena

Gidan yaya wuri ne mai kyau na gwaji, amma ba zai nuna maka halin mai saye ba, domin yayanka ba zai taɓa kai ƙararka wurin mai unguwa ba. Ni har yanzu ina ganin shawarar ƊanGulbi ta fi, ka ba mai sana'a zanen ya ɗauki sawa da gyara.

Malam_Teknik

Ba sai ka jira kwana 49 ba, Injiniya. Kana iya rubuta ƙaramin aiki da zai ƙara wa millis() wata babbar lamba, ta yadda ma'ajiyar za ta cika mintoci kaɗan bayan kunnawa, ka zauna ka ga abin da na'urar za ta yi a kan teburinka. Haka ma sansa, ka zare wayarta inji yana gudu ka ga ko zai tsaya. Idan kuma kana ajiye wani abu a ƙwaƙwalwar EEPROM, wadda ba ta gogewa idan an ɗauke wuta, kada ka rubuta a kowane zagaye, domin kowane gurbi kusan sau 100,000 aka lamunce masa. Ka turo mani manhajar in duba tare da ɗalibaina ranar Asabar, shi ma Ɗalibi_UDDM ya zo da allonsa na ESP32 mu gwada duka biyun a kan inji ɗaya.